Tsohon Gida Mai Neman Gyara: A Sayar ko a Ba da Haya?

 

Yau zancen gida za mu yi, gidan da mutum ya yi shekara da shekaru a cikinsa, aka raɗa sunan 'ya'yansa a ƙofarsa, yanzu kuma tashi ya kama shi. Wani canjin wurin aiki aka yi masa daga Kano zuwa Abuja. Wani Allah ne ya hore masa ya gina sabo a bayan gari. Wani kuwa iyali ne suka yi yawa, ɗakuna suka kasa. Tsohon gidan kuma ya gaji: kwano na yoyo, filasta na zuba, bangon banɗaki ya jiƙe har ƙugu. Sai maigida ya kwana yana juyi, in sayar da shi a yadda yake, ko in gyara in zuba 'yan haya?

Abin da na lura da shi, yawancinmu daga tsakiya muke kama wannan magana. Da an tashi shawara sai a kira dillali: "Malam, nawa gidan nan zai yi?" Ko a tambayi maƙwabci nawa ake kama ciki da falo a layin. Waɗannan tambayoyi suna da ranarsu, amma akwai wadda ta riga su: me ke damun gidan? Wanda bai san amsar wannan ba, ko ya sayar ko ya ba da haya, a makance ya yi.

Gida kamar jikin mutum yake, akwai ciwon fata, akwai na ƙashi. Fenti ya koɗe, tayil ya fashe, silin ya baƙanta, ƙofar kicin ta ɓalle, famfo na ɗiga, duk wannan fata ce. Za ta ci kuɗi, amma an san iyakarsu, kuma kafinta da mai fenti da mai gyaran famfo za su gama cikin 'yan makonni.

Na ƙashin nake so mu tsaya a kansa. Ka duba tsagar da ke bango. Siririya wadda ta tsaya a kan filasta, ko tsinke ba ya shiga, ba ta cika zama abin damuwa ba. Amma wadda ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa ta yi gicciye, tana bin gaɓar bulo hawa-hawa, wani gefenta ya fi wani faɗi, wannan tana gaya maka harsashin ginin ya motsa. Ga wata dabara mai sauƙi: ka shafa ɗan kwaɓaɓɓen siminti a kan tsagar, faɗin tafin hannu, ka rubuta kwanan wata a gefe. Bayan wata biyu ko uku ka dawo. In ya sake tsagewa, to ginin bai daina tafiya ba. Haka ƙofar da a da take rufuwa lafiya, yanzu sai an sa mata kafaɗa. Haka daɓen da ya lotsa a tsakiyar ɗaki. In rufin kankare ne, ka ɗaga kai: matuƙar ya fara ɓarewa, rodi ya bayyana da tsatsa, kada ka kwana da iyalinka a ƙarƙashinsa, balle ka kwantar da iyalin wani.

Mafi yawan wannan ɓarna ruwa ne ke yin ta. Mu a Kano mun san unguwannin da aka cike kududdufi da shara aka yanka filaye a kai, mun san gidajen da aka dasa a kan hanyar ruwa. Akwai kuma gidan da lafiyarsa ƙalau lokacin da aka gina shi, sai aka zo aka yi titi aka ɗaga, gidan ya koma rami, kwatar da aka yi don ta fitar da ruwa ta koma shigo da shi. Irin wannan ba ka ganinsa a watan Maris. Cikin rani kowane gida lafiyayye ne. Ka je a watan Agusta, bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi, ka tsaya a tsakar gida ka ga ina ruwan ya nufa, kuma awa nawa yake yi kafin ya janye. Ka duba gindin bango. In danshi ya hau har gwiwa, ya bar fari-farin gishiri, fenti na kumbura, to daga ƙasa yake tasowa, ko sau goma ka sake fenti zai dawo. 'Yan'uwanmu na Maiduguri, da suka ga abin da ya biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumban 2024, sun san ɓarnar ruwa ba ta ƙarewa ranar da ya janye. Ginin da ya sha ruwa yakan ci gaba da nuna rauninsa bayan watanni.

Masu gidan ƙasa a cikin birni, naku lissafin daban ne. Ginin tubali da azara yana iya shekara ɗari, amma da sharaɗin hannu ba ya barin jikinsa: a yi yaɓe kafin damina, a share indararo, a duba gara a jikin azara. Ɗan haya ba zai hau soro ya yi maka wannan ba. Filastar simintin da muke lulluɓe bangon ƙasa da ita don kyan gani kuwa, sau da yawa ita ke riƙe danshi a ciki, bangon ya ruɓe a ɓoye, wata rana ta zubo baki ɗaya. Sai kuma abu biyu da ke damun gidan ƙasa da na bulo duka: wayar lantarkin da aka ja tun shekaru talatin, da ramin masai da ya matso kusa da rijiya. Ido ba ya ganinsu, amma su ke kawo gobara cikin hunturu da ciwon ciki ga yara.

Wa zai duba maka? Birkilan da ke neman aikin zai ce ƙaramin abu ne, har sai ya fasa bango. Dillali kuma la'adarsa yake hange. Ban ce mutanen banza ne ba, kowa dai da inda abincinsa yake. Ka nemi injiniyan gini mai rajista da hukumar COREN, ka biya shi kuɗin zuwansa, ya rubuta maka abin da ya gani. Ƙimar gidan kuma akwai masu sana'ar ƙiyasta kadara, 'yan ƙungiyar NIESV. Yana ba ni takaici in ga mutum zai yanke shawara a kan dukiyar miliyoyi, amma yana ƙyashin 'yan dubban da zai ba wanda ya san aikin.

To, an gano ciwon. Nawa zai ci? Ku tuna watan Fabrairun 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka yi maganar a riƙa sayar da shi tsakanin naira 7,000 da 8,000. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a watan Yuni, kayan gini ba su zauna wuri ɗaya ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Saboda haka ƙiyasin da aka rubuta maka wata shida da suka wuce kada ka dogara da shi. Ka taka da ƙafarka zuwa Ƙofar Ruwa ka ji kuɗin rodi, ka je 'Yan Katako a Na'ibawa ka ji na katako, sannan abin da ya fito ka ɗora masa aƙalla rubu'insa. Gyara sai an buɗe ake ganin abin da ke ciki. An ɗaga kwano don a sauya falle goma, sai a tarar gara ta cinye katakon.

Kuma kada a fara sai kuɗin sun cika a hannu, musamman aikin rufi. Gidan da aka yaye wa kwano kuɗi suka yanke, hadari ya taso, ya fi wanda ba a taɓa ba lalacewa.

Wani zai ce, sai in ci bashi in gyara, haya ta biya. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuwa sama da haka suke ba da rance a lokacin. Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda dokar 1992 ta kafa, yana iya neman rancen gyaran gida mai sauƙi a Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, sai dai shi ma da ruwa a ciki. Masu gudun ruwa suna da bankunan Musulunci irin su Jaiz da TAJ, su ma da ribarsu. Ko ta ina ka bi, ka jira mu yi lissafin haya tukuna, sannan ka gani ko za ta iya ɗaukar bashi.

Mu yi misali, kuma misali ne kawai, kowa ya sa nasa alƙaluman. A ce gidan a yadda yake za a saye shi naira miliyan 20. Gyara zai ci miliyan 4, mun ɗora rubu'i, ya zama miliyan 5. Bayan gyara za a kama shi haya miliyan 1 a shekara. A nan ne mutane ke tsayawa su ce shekara biyar na mayar da kuɗina. A'a, Malam, ba a gama ba. Wanda zai kular maka da gidan ya karɓi haya, a ce ya ɗauki kashi 10, naira 100,000 ke nan. Gyare-gyaren shekara, kwashe masai, toshe yoyo, injin ruwa ya ƙone, mu sa 150,000. Watannin da gida zai zauna babu kowa tsakanin fitar wani da shigar wani, da wanda zai ce a yi masa haƙuri, da harajin ƙasa, mu sa wata 150,000. Saura 600,000. Ka ga miliyan 5 ɗinka sai ta haura shekara takwas kafin ta dawo. In kuma ka auna 600,000 da miliyan 25 da ka binne a gidan, ko kashi 3 cikin 100 ba ka samu ba. Yaya abin da bai kai kashi 3 ba zai biya bashin da ke neman kashi 30?

Wanda ya ji wannan zai ce to ai magana ta ƙare, sayarwa ta fi. Musamman in ya ji cewa takardun Sukuk da gwamnatin tarayya ta fitar a watan Mayun 2025 kashi 19.75 suke bayarwa a shekara. Amma a dakata. Miliyan 20 ɗin da ka zuba a takarda, bayan shekara bakwai miliyan 20 za a mayar maka, lambar ba ta ƙaruwa. Wanda ya sayi Sukuk na farko a 2017, dala tana wajen naira 305 a farashin gwamnati. Ranar da aka mayar masa da uwar kuɗinsa a 2024, dala ta haura naira 1,500. Ya ci riba duk shekara, gaskiya ne, amma uwar kuɗin ta rame. Fili kuwa, a mafi yawan garuruwanmu, yana bin farashi yana hawa.

Ashe ke nan wanda ya riƙe tsohon gida, filin yake riƙewa. Haya ɗan abin cefane ce, kuma ladan gadin filin. Gini kullum tsufa yake yi, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ita ke daraja. Don haka ka tambayi kanka: ina filin nan yake? Gidan da ke Fagge, kusa da Kantin Kwari, 'yan kasuwa na nemansa don shaguna da wurin ajiye kaya. Na wajen Rijiyar Zaki da Danbare, ɗaliban sabon matsugunin Jami'ar Bayero da ma'aikatanta ba sa barinsa ya kwana babu kowa. Ba za ka haɗa su da gidan da ke cikin lungun da ko Adaidaita Sahu ba ta shiga ba, ruwa kuma yana kwana a ƙofarsa. Sannan in ka fahimci mai saye rushewa zai yi ya ta da bene, kada ka sa ko buhun siminti ɗaya. Tayil ɗin da za ka shimfiɗa, katafila ce za ta kwashe shi, kuma ba za a ƙara maka sisi a kansa ba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da shirinmu na faɗakarwa, muna tattauna tsohon gida mai neman gyara.

Akwai abin da alƙalami ba ya iya lissafawa, wato wahalar zama mai gidan haya. Aiki ne, kuma ba kowa ke da halinsa ba. Kana Abuja, ƙarfe goma sha ɗaya na dare a kira ka a ce silin ya rufto. Wa zai je? Shekara ta zagayo, ɗan haya ya ce, "Alhaji, wallahi kasuwa ce ta tsaya, a ƙara mini wata biyu." Za ka iya cewa a'a? In kuma ka iya, ka san doka ba ta ba ka damar ka fitar da shi da hannunka ba? A Abuja da jihohi da dama, matuƙar yarjejeniyarku ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan shekara-shekara sai an ba shi notis na wata 6, mai biyan wata-wata na wata 1. Wa'adin ya cika bai fita ba, a sake ba shi na kwana 7, sannan a tafi kotu. Cire ƙofa, yaye kwano, yanke wuta, watsa kaya waje, duk wanda ya yi wannan shi zai koma wanda ake ƙara. Mutum ya shirya wa cewa wata shekarar ba zai ga haya ba, kuma zai biya lauya.

Wasu don gudun wannan sai su ce bari in sa ɗan'uwa ya zauna, ya riƙa kula da gidan. Zumunci ne, kuma akwai lada. Amma a kira abin da sunansa: taimako ka yi, ba haya ka bayar ba. Wanda ba ya biya, da wuya ya sami kuɗin gyara, kai kuma kunya ba za ta bar ka ka yi magana ba. Ranar da ka tashi sayarwa sai ka ga dattawan dangi sun yi maka sallama da asuba: "Yanzu ina kake so ƙaninka ya kai yaran nan?" In za ka yi, ka yi da zuciya ɗaya, gyaran ya zauna a wuyanka, a kuma faɗi wa'adi a gaban shaidu tun ranar ba da mukulli.

Akwai wata hanya da ake yawan bi, kuma ba laifi ba ce in an tsare ta: ɗan haya ya gyara, a riƙa cirewa a kuɗin haya. Tana yi wa marar kuɗi a hannu amfani. Inda take ɓaci shi ne a bar ta a baki. Ka ce ya gyara banɗaki, shi kuma ya sa tayil har bango, ya kawo maka lissafin hayar shekara uku. A rubuta aikin da za a yi ɗaya bayan ɗaya, da iyakar kuɗinsa, da shekarun da za a cire, a ajiye rasit. Kuma wannan hanya ta ƙananan gyare-gyare ce. Harsashi da rufi da wayar wuta ba a bar wa ɗan haya su.

A nan zan yi magana da babbar murya. Gidan da ka fitar da 'ya'yanka daga ciki saboda tsoron bango, haramun ne a zuciyata ka karɓi kuɗin wani ka sa nasa 'ya'yan. Na san za a samu mai shiga, domin matsin gida ya kai inda mutum zai karɓi ko wane iri in an rage masa. Rashin zaɓinsa ba ya wanke ka. Duk damina muna jin labarin bango ya faɗa wa yara suna barci, kuma a bayan kowane irin wannan labari akwai wanda ya ga tsagar tun da rani.

Mu juya ga sayarwa. Farkon abin da mai saye na gaske zai tambaya shi ne takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kai haƙƙin zama aka ba ka, kuma gidan da ke da takardar mallaka ta gwamnati ba ya sauya hannu a idon doka sai da amincewar gwamna. A Kano hukumar KANGIS ke riƙe da bayanan filaye, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS. Gidaje da yawa a unguwanninmu takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu kawai gare su. Ana saye ana sayarwa da ita, amma farashi yakan faɗi, banki kuma ba ya karɓarta. Wani lokaci kuɗin da za ka kashe ka daidaita takarda da bashin harajin ƙasa ya fi fenti ɗaga darajar gida.

Na biyu, gidan naka ne kai kaɗai? In na gado ne da ba a raba ba, ka sani a mazhabar Malikiyya abokin tarayya yana da haƙƙin shufa'a: in ka sayar da rabonka ga bare, yana iya biyan kuɗin ya karɓe. Ka fara yi wa 'yan'uwanka tayi. Akwai kuma mai haƙƙin da aka fi mantawa da ita, uwargida. Mata nawa ne suka sayar da sarƙa da 'yan kunne, suka kwashi adashe suka miƙa lokacin da ake rufin gidan? In kyauta ta ba ka, to. In kuwa rance ne ko tarayya, haƙƙinta yana nan, kuma ranar ciniki ce ranar fitar da shi. Ko ba ta sa sisi ba, ita ta san inda ruwa ke taruwa da ɗakin da ba ya shiguwa cikin bazara. A zauna da ita kafin a zauna da dillali.

Na uku, a faɗi aibi. Abin da wasu ke yi, a cike tsaga, a watsa fenti, a kira mai saye cikin rani, algus ne. Shari'a ta hana ɓoye aibin abin sayarwa, ta kuma ba wanda aka ɓoye wa damar mayar da ciniki. Ka nuna masa takardar injiniya, ka rage abin da za ka rage. Akwai masu saye da sana'arsu ke nan, su sayi gajiyayyen gida su gyara, suna da ma'aikatansu, suna sayen kaya a sari, aikin da zai ci maka miliyan 5 su ba zai kai musu haka ba. A yi maganar la'ada tun kafin a kawo mai saye, nawa ce, wa zai biya. Kuɗi kuma su bi ta banki. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. Kada ka miƙa takardu da mukulli sai ka ga kuɗi sun zauna a asusunka.

Haraji ma yana da baki a wannan shawara. Tsohuwar dokar harajin ribar kadara ta 1967 kashi 10 take karɓa, amma ta ɗauke wa mutum gidan da yake zaune a ciki. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, ita ma ta bar wannan rangwame da sharuɗɗansa. Ku lura, na gidan zama ne. In ka mayar da shi gidan haya shekaru sannan ka sayar, matsayinsa na iya sauyawa, don haka ka tambayi masanin haraji tun yanzu. Sabuwar dokar ta kuma ba ɗan haya damar a rage masa kashi 20 na hayar shekara daga kuɗin da ake yi wa haraji, iyaka naira 500,000. Ma'aikaci zai nemi rasit a hannunka, kuma kuɗin haya abin biya wa haraji ne.

Yanzu ga inda na fi jin tsoro. An sayar, kuɗi sun shigo. Ina za su kwana? Labarin cinikin gida ba ya ɓuya. Kafin mako ya zagayo, mai neman jari ya zo, mai aurar da 'ya ya zo, mota ta fara ba ka sha'awa, ga wani yaro da waya a hannu yana nuna maka yadda kuɗi ke ninkuwa cikin wata ɗaya. Mun ga damfarar MMM a 2016, mun ga ta CBEX a watan Afrilun 2025, kuma a cikin waɗanda suka yi kuka akwai masu kuɗin gida da na fili. Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan, kuɗin da ke kwance a asusu farashi na cinsu kullum, in kuma sun kai nisabi suka shekara, zakka ta hau kansu, alhali gidan zama babu zakka a kansa. Malamai kan kawo hadisin da ke jan kunnen wanda ya sayar da gida bai mayar da kuɗin cikin irinsa ba, cewa albarka kan yi ƙaranci a cikinsu. Ba hana sayarwa aka yi ba, akwai bashi, akwai jinya, akwai ƙarasa ginin da za ka koma. Amma ka nemo inda kuɗin za su tun kafin ka sallama. In fili za ka saya, a gama bincikensa, cinikin biyu su zo kusa da juna. In musaya ta samu, gida da gida a yi ciko, wani lokaci ta fi.

In ka tambaye ni ra'ayina, Malam, ga shi. Mutumin da ciwon gidansa ya kai harsashi, ko ruwa ya mayar da shi mazauninsa, ba shi da kuɗin gyara a hannu, kuma garin zai bari, ya sayar. Ya faɗi gaskiyar gidan, ya karɓi abin da ya samu, ya mayar da shi ƙasa a wurin da ruwa ba ya kwanciya. Na san da zafi, musamman gidan da mahaifi ya bari ko wanda aka tara kuɗinsa da gumin ƙuruciya, kuma mutane za su yi magana. Amma masu maganar ba za su kawo buhun siminti ba. Wanda kuwa gininsa ke tsaye daram, unguwar tana ci gaba, yana da kuɗin rufi da wuta da magudanar ruwa ba tare da bashi ba, yana kuma da amintaccen da zai duba masa, ya riƙe abinsa. Ya gyara abin da ke cutarwa, ya bar ƙawa, domin ɗan haya ba ya ƙara kuɗi saboda fitila mai ado. Haka wanda tafiyarsa ta 'yan shekaru ce, yana sa ran dawowa: gidan da ka sayar yau, da wuya kuɗinsa su sake saya maka irinsa a unguwar bayan shekara biyar.

Saura mutum na uku, wanda ya kasa yanke shawara ya sa kwaɗo ya tafi, ya ce sai an natsu. Gidajen irinsa suna nan a kowace unguwa. Ɗan yoyon da za a toshe da falle ɗaya ya zama ruɓewar katako, ɓarayi su zare wayar wuta su cire tagogi, ɓata-gari su mayar da shi mafaka, maƙwabta su shiga uku. In dole sai an jira, a sa wa jiran wa'adi, wata uku ko shida, kada ya tsallake damina. Kafin ruwan farko a share kwata da indararo, a toshe yoyo, a sauke layin wuta, a biya bashin lantarki da na ruwa don kada su taru, a sanar da mai unguwa, a kuma ba wani mukulli ya riƙa buɗewa duk mako iska ta shiga.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki takardar yarjejeniyar haya mu bi ta layi-layi, mu ga abin da ya wajaba a kan mai gida da abin da ya wajaba a kan ɗan haya.